Maganin Maiƙon Jini a Zangon Kwatano: Abin da Ke Ɓacewa a Bakin Iyaka

Ɗan kasuwar da ya taso daga Kano, Sakkwato ko Maradi zuwa Kwatano yakan yi lissafin kwana goma: ya zaga filayen motoci na Sekandji, ya daidaita da dillali, ya biya kuɗin fito, ya kama hanya. Wanda ya san harkar tashar jiragen ruwa ya san wannan lissafin gida ne. Takarda ta maƙale a kwastan, ko jirgi ya yi jinkiri, ko kuɗin da za a turo ba su iso ba, sai a wayi gari an shafe wata guda da 'yan kwanaki. Wurin kwana ba ya gagara, tun da a Zango akwai mai masauki, akwai babban masallaci, ga masu shayi da masu tsire da ke jin Hausa ko da Dandawa ne ko Zabarmawa. Abin da ke ƙarewa ba a ankara ba shi ne katin ƙwayar nan da likita ya ce a riƙa sha kullum.

In na hawan jini ne ko na suga, mutum yakan tashi nema da sauri, domin ya ji labarin waɗanda suka bari suka faɗi. Maganin maiƙon jini, wanda likitoci ke kira statin, shi ake yi wa riƙon sakainar kashi. Kolestarol ba ya sa ciwon kai, ba ya sa jiri, ba ya hana barci. Mutum ya bar ƙwayar mako uku ya ji garau, sai ya ce ai dama lafiyarsa lau, likita ne ya so ya ci kuɗinsa.

Kolestarol wani maiƙo ne da jiki ke buƙata, kuma mafi yawansa hanta ce ke haɗa shi, ba daga kwano yake fitowa ba. Shi ya sa ake samun siriri da maiƙon jini ya yi masa yawa, a samu mai teɓa da nasa yake daidai. Nau'in da ake kira LDL shi ne mai ɓarna. Idan ya yi yawa sai ya riƙa maƙalewa a bangon jijiyoyin jini shekara da shekaru, kamar yadda tsatsa ke cike bututun ruwa, har ranar da hanya za ta toshe. In a zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Aikin statin shi ne rage wa hanta ƙarfin haɗa wannan maiƙo, ita kuma sai ta koma tana janyo wanda ke yawo cikin jini.

Wani masanin Japan, Akira Endo, shi ya fara gano irin wannan sinadari a jikin fumfuna a 1973. Amurka ta amince da lovastatin a 1987. A 1994 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasashen arewacin Turai a kan masu ciwon zuciya 4,444, inda aka ga simvastatin ya rage mace-mace da kusan kashi 30 cikin 100. Tun daga nan gwaje-gwaje suka yi ta nuna abu guda: duk lokacin da aka sauke LDL da ma'auni ɗaya na mmol/L, hatsarin bugun zuciya da shanyewar jiki na raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Amma maganin ba ya warkar da hanta, riƙe ta yake yi. Aka bar shi, cikin 'yan makonni maiƙon ya koma inda yake.

Kwana biyu ko uku ba a sha ba ba abin tayar da hankali ba ne, kuma ba a ramawa da shan biyu a haɗe. Wata guda ko biyu kuwa magana ce babba, musamman ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya, ko shanyewar jiki, ko aka buɗe masa jijiyar zuciya a Masar ko Indiya. Ga kuma abincin matafiyi: tsire da dare, soyayyen wagashi, miyar manja, shayi mai madarar gwangwani.

Maganin ba ya wuya a Kwatano. Abin da ke ɓacewa tsakanin iyakar Seme da Zango shi ne sunansa.

Alhaji zai shiga farmasi ya ce a ba shi 'yar farar ƙwayar nan ta maiƙo. Ko ya ce Lipitor, domin shi likitansa na Kano ya rubuta. Mai farmasi ta duba kanta ta ce babu. Alhali kuwa ga shi a bayanta, cikin kwali mai suna Tahor, sunan da aka sa wa maganin a Faransa, wanda ya biyo hanyar kasuwanci zuwa ƙasashen da Faransa ta raina. Lipitor da Tahor abu ɗaya ne: atorvastatin. Tun da wa'adin mallakar maganin ya ƙare a Amurka a 2011, kamfanoni barkatai ke yin sa, na Indiya da na Turai da na wasu wurare, kowa da sunan da ya raɗa wa nasa, kowa da launi da siffar ƙwayarsa. Don haka sunan da ke rubuce da manyan baƙaƙe ba shi ne abin riƙewa ba. Na ƙasansa, mai ƙananan baƙaƙe, shi ne sunan da duniya ta yarda da shi, kuma Faransanci harafi ɗaya kawai yake ƙara masa: atorvastatine, simvastatine, rosuvastatine, pravastatine. Crestor rosuvastatin ne. Zocor simvastatin ne. Wanda bai iya karatun boko ba, ya ajiye tsohon kwalin a jaka, ko jikansa ya ɗauki hotonsa a waya, gaba da baya. Wannan hoton ya fi tafinta amfani.

Bayan suna sai lamba, kuma a nan ake yin kuskuren da ya fi hatsari. Miligiram 20 na wannan ba miligiram 20 na wancan ba ne. Likitoci sun kasa statin gida-gida bisa ƙarfi. Atorvastatin 40 zuwa 80 da rosuvastatin 20 zuwa 40 su ne masu ƙarfi, waɗanda ke sauke LDL da rabi ko fiye. Atorvastatin 10 zuwa 20, rosuvastatin 5 zuwa 10, da simvastatin 20 zuwa 40 matsakaita ne. Ke nan wanda ke shan rosuvastatin 20 aka sauya masa da simvastatin 20 don lambar ta yi daidai, an rage masa magani bai sani ba. Wanda kuma aka yi wa akasin haka, an ƙara masa. Ana iya sauya statin da statin, ana yi kullum, amma likita ko ƙwararren mai farmasi ne ke yin lissafin, ba yaron kanti ba. Akwai kuma ƙwayoyi masu haɗi biyu, irin Caduet, da ke ɗauke da amlodipine na hawan jini tare da atorvastatin. Mai shan irinsa ya je ya sayi statin daban, ya sha biyu ke nan.

Tsofaffin 'yan Zango za su ce da can wannan duk ba matsala ba ce: a je Dantokpa. A cikin wannan babbar kasuwa ta bakin tafki a da akwai wani sashe da ake kira Adjégounlè, inda aka shafe shekaru ana sayar da magani a buhu da kwali da tire, sari da ɗai-ɗai, ba takarda ba tambaya. A lokacin daga nan masu tallan magani a faranti da masu kanti a lungu ke saro kaya. Wata Bafaranshiya mai nazarin al'umma, Carine Baxerres, ta yi dogon bincike a kan kasuwar, ta nuna cewa kaya da yawa daga dilolin Najeriya da Gana suke shigowa, kuma ba dukansu ne jabu ba. Wasu magunguna ne na gaskiya da suka bi ta bayan gida. Matsalar ita ce mai saye ba shi da hanyar bambancewa, kuma na gaskiyar ma ya kwana ya wuni ƙarƙashin kwano a zafin Kwatano.

A Kwatanon ne tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac ya tara wasu shugabannin Afirka ranar 12 ga Oktoba 2009, aka yi kira ga duniya a yaƙi magungunan jabu. Kasuwar ta ci gaba da ci kamar ba a yi ba. Sai a Fabrairun 2017, ƙasa da shekara guda da hawan Patrice Talon mulki, jami'an tsaro suka dira Adjégounlè a wani samame mai suna Pangea IX, suka kwashe fiye da tan 80 na magani, suka kama sama da mutum 100, aka rushe rumfunan. A Maris 2018 wata kotu a Kwatano ta yanke wa shugabanni bakwai na kamfanonin da ke rarraba magani ɗaurin shekara huɗu-huɗu a matakin farko, abin da ya girgiza hatta masu farmasi na halal. Daga baya gwamnati ta sake fasalin harkar baki ɗaya, ta kafa sabon kamfanin sayo magunguna na ƙasa mai suna SoBAPS, da hukumar sa ido da yanzu ake kira ABMed. Sayar da magani a titi bai mutu murus ba, ya dai koma ɓoye, kuma mai sayarwa na iya kwana a hannun 'yan sanda.

Ga mai neman statin, wannan tarihi yana da wata ma'ana ta daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ko dai jabu ne ko bai kai inganci ba. Jabun maganin zazzaɓi yana tona kansa cikin kwana uku, domin zazzaɓin ba zai sauka ba. Jabun statin kuwa ana iya shekara ana haɗiyar alli, ba abin da zai nuna, sai ranar da aka kwashi mutum zuwa asibiti. Idan akwai maganin da bai kamata a yi cinikinsa a lungu ba, to wannan ne.

Baƙon da ya saba da tsarin Najeriya yakan sha mamaki. A Kano kemis na kowace kusurwa, kuma sai a 2024 hukumomi suka matsa wa dilolin magani na Sabon Gari su koma sabuwar cibiyar Dangwauro. Jamhuriyar Benin ta gaji tsarin Faransa ne, inda sayar da magani haƙƙin mai digirin farmasi ne, kuma gwamnati na da hannu a farashi, don haka ba a taya magani yadda ake taya atamfa. Alamar farmasi gicciye ne kore, galibi mai walƙiya da dare. Duk ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa mai rigar ɗorawa, ya san inda suke. Da dare da ranar Lahadi akwai waɗanda ke kan aiki bi da bi, ana kiran su pharmacie de garde, kuma akan manna jerin sunayensu a ƙofar waɗanda suka rufe. A doka, statin maganin takardar likita ne, wadda mutanen Nijar da Benin ke kira ordonans. Tsohuwar takarda daga gida tare da kwalin magani sukan sauƙaƙa magana da mai farmasi. In ya ce sai an kawo sabuwa, ba wulaƙanci ba ne. Ganin likita a ƙaramin asibiti ya wadatar, kuma ga mai ciwon zuciya akwai sashen zuciya a babban asibitin koyarwa na Hubert Koutoukou Maga. Idan nau'in da ake nema babu a kanta, sau da yawa ana iya sa su yi odarsa daga dila.

Sai maganar kuɗi. Sefa ɗaure take da yuro, 655.957 a kan kowane yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta faɗo daga kusan 460 a kan dala zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Ɗan Najeriya da ya canza kuɗi a unguwar Jonquet ya shiga farmasi, sai ya ga kwalin Tahor ko Crestor ya yi masa tsadar da ba ta misaltuwa, ya fita ya ce sai ya koma gida. Kalmar da za ta cece shi ita ce jenerik, wato maganin iri ɗaya daga wani kamfani mai rajista, ba tare da sunan mai tsada ba. Simvastatin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2007, kuma atorvastatin na jenerik ya zama ruwan dare. Ra'ayin cewa sai na asali ne ke aiki yana sa mutane biyan ninki, ko su bari gaba ɗaya, wanda shi ya fi muni. Wani nazari da aka buga a 2022 a kan ƙasashe 41 masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ya gano cewa cikin waɗanda suka riga suka samu ciwon zuciya ko shanyewar jiki, kimanin ɗaya cikin biyar ne kawai ke shan statin.

Mazauna Zango da yawa sun dogara da saƙo: a ba direba ko ɗan'uwa ya taho da na wata uku daga Legas ko Kano. Hanya ce mai kyau muddin iyaka na buɗe kuma an saya a wuri mai rajista, da lambar hukumar NAFDAC ta Najeriya a jiki. Amma iyakokin nan sun nuna halinsu. Najeriya ta rufe nata na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano na kilomitoci, direbobin da suka fito da guzurin mako guda suka yi watanni a hanya. Wanda ke zaune a Kwatano ya kamata ya san farmasi guda da likita guda a garin, ko da saƙon gida bai taɓa yanke masa ba.

Akwai wani tarko kuma a takardar awon jini. Ɗakunan awo a Najeriya sukan rubuta sakamako da mmol/L, wasu da mg/dL. Na Benin da Nijar sun fi amfani da g/L. Mutum ya bar Kano da takarda mai cewa jimillar kolestarol ɗinsa 5.2, ya yi awo a Kwatano ya ga 2,00, sai ya yi hamdala ya ce addu'a ta karɓu, ya ajiye magani. Alhali lamba ɗaya ce: 2 g/L daidai yake da 200 mg/dL, daidai da kusan 5.2 mmol/L. Don mayar da g/L zuwa mmol/L ana ninkawa ne da kusan 2.6. Kuma ko da sakamakon ya yi kyau da gaske, maganin ne ya kyautata shi.

Matafiyi yakan kamu da tari ko ciwon maƙogwaro ko ƙaiƙayi a hanya, ya je a ba shi magani bai faɗi abin da yake sha ba. Clarithromycin da erythromycin, da magungunan cutar fata irin ketoconazole da itraconazole na sha, da wasu magungunan ƙanjamau masu ɗauke da ritonavir, duk suna hana hanta sarrafa simvastatin, haka ma atorvastatin, sai maganin ya taru a jini ya taɓa tsoka. Ruwan garehul, wanda ake kira pamplemousse a can, shi ma haka yake yi idan aka yawaita. Mai shan amlodipine ba a so simvastatin ɗinsa ya wuce miligiram 20. Ciwon jiki na yau da kullum ba lalle laifin statin ba ne. Wani babban nazari na 2022 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na ciwon tsokar da masu shan maganin ke kuka da shi ba daga maganin yake ba, kuma wanda ya kwana biyu a mota daga Kamba zuwa Kwatano yana da dalilin ciwon jiki. Amma ciwon tsoka mai tsanani tare da kasala da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi, wannan a dakatar da magani a nufi asibiti ranar. Mace mai ciki ko mai shayarwa, Hajiya 'yar kasuwa da ke zuwa saro atamfa da leshi a Missèbo, ta faɗa wa likita kafin ta ci gaba da sha.

A kusa da masallatai, a Zango kamar a ko'ina, ba a rasa mai shimfiɗa da kwalaben wankin jini da mai narkar da kitse. Tafarnuwa da zogale abinci ne masu kyau, ba wanda ya hana. Sai dai babu ɗaya cikinsu da aka gwada a kan dubban mutane aka ga ya hana shanyewar jiki yadda aka gwada statin, kuma kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba hanta ɗaya take bi da maganin likita.

Yadda ake ɗauko maganin ma yana da ƙa'ida. Statin ba ya cikin ƙwayoyin da ake sa wa ido, amma Kwatano hanya ce da aka sha kama taramol, don haka jami'in da ya buɗe jaka ya ga fararen ƙwayoyi tsirara a leda ba zai tsaya jin dogon bayani ba. A bar su cikin katinsu da kwalinsu, takardar likita a haɗe, kuma adadin ya yi kama da na mutum ɗaya, ba na mai kanti ba. A riƙe su a jakar hannu, ba a akwatin gaban mota ba, inda zafin rana ke wuce digiri 25 zuwa 30 da akan rubuta a kwali nesa ba kusa ba. Damshin bakin teku ma yana lalata ƙwayar da aka ɓare daga kati. Wanda ya yi lissafin kwana goma ya ɗauki na wata guda.

Azumi ba ya kawo cikas. Statin sau ɗaya ake sha a yini. Simvastatin ya fi aiki da dare, domin ba ya daɗewa a jiki kuma da dare hanta ta fi haɗa maiƙo, don haka bayan buɗa-baki ko bayan tarawi ya yi daidai. Atorvastatin da rosuvastatin suna daɗewa, ana iya shan su da sahur ko da buɗa-baki, a dai tsayar da lokaci guda. Maniyyacin da zai tashi daga filin jirgin Cadjèhoun zuwa Saudiyya shi ma ya tafi da abin da zai kai shi har dawowa, da sunan asali a rubuce, domin a Makka wasu sunayen zai sake tararwa a jikin kwali. Idan kuma aka sauya wa mutum nau'in statin ko ƙarfinsa a kan hanya, likitoci na so a sake awon jini bayan mako huɗu zuwa goma sha biyu, a kai wa likitan gida sabon kwalin da takardar awon tare.